Makin 'yata bai kai ba: mu nemi manyan jami'o'in Amurka ko mu haƙura?

Uban 'Yan Mata:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. Babbar 'yata ta gama aji na 11 a wata sakandaren gwamnati a nan Amurka, kuma da kaka za ta fara cike takardun neman jami'a. Matsakaicin makinta, wanda suke kira GPA, 3.4 ne a kan 4.0, ba tare da ƙarin da ake yi wa darussa masu wuya ba. Abin da ya ja shi ƙasa shi ne aji na 9 da farkon na 10, lokacin da mahaifiyarta ta yi doguwar jinya, ita kuma ta zama uwar gidan, tana shirya ƙannenta da safe, da dare tana kwana a kujerar asibiti. Akwai C guda uku a takardarta daga wancan lokaci, biyu daga ciki a lissafi ne. A aji na 11 kuwa kusan A ta kwashe gaba ɗaya, har da darussan AP guda uku, wato masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, kuma ta samu 1450 cikin 1600 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a.

Ta ɗora ranta a kan jami'o'in nan da ba sa ɗaukar ko kashi 10 cikin 100 na masu nema. Malamar da ke shiryar da ɗalibai a makarantarsu ta dubi takardar, ko minti biyar ba ta yi ba ta ce mata ɓarnar kuɗi ce. Yarinya ta dawo gida ta rufe ɗaki, ba ta fito ba sai washegari. Tambayata ita ce: malamar nan gaskiya ta faɗa da kaushin harshe, ko kuwa raini ne? Ba na son in kashe mata gwiwa, kuma ba na son in ɗora ta a kan keken ɓera.

Mai Bin Alƙaluma:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zan faɗi abin da ba shi da daɗin ji, domin gara ka ji shi a nan da ka ji shi a watan Maris, lokacin da jami'o'in ke ba da amsa. A shekarar 2022 mutum 61,220 suka nemi Harvard, ta ɗauki 1,954, wato kashi 3.19 cikin 100. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, waɗannan dubu sittin ɗin ba gayyar kasuwa ba ce, akasarinsu su ne na ɗaya da na biyu a makarantunsu. Saboda haka idan aka ce kashi 3 ko 5 ko 8, wannan matsakaici ne na taron da ya haɗa 'yan wasan da kocin jami'a ya riga ya nema, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da yaran da ba su taɓa ganin B a takardarsu ba. Mai 3.4 ba a tsakiyar wannan taro yake ba, yana can baya, kuma rabonsa ya gaza abin da aka buga.

Ba sai ka yarda da ni ba. Yawancin jami'o'in suna wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set, ka rubuta sunan jami'ar da wannan suna a intanet za ta fito. Ka je sashe na C11, inda waɗanda suke cike shi ke nuna yadda makin sababbin ɗalibansu ya rabu: kashi nawa ne masu 4.0, nawa ne daga 3.75 zuwa 3.99, har ƙasa. Ka nemi layin da ya fara daga 3.25 zuwa 3.49, nan ne 'yarka take. A manyan nan za ka tarar da ɗan mitsitsin adadi. Malamar ba ta iya magana ba, amma ba ƙarya ta yi ba.

Malamar Lissafi:

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ina koyarwa a sakandare a nan shekaru da dama, kuma na rubuta wa ɗalibai wasiƙun shaida masu yawa, don haka bari in ƙara a kan abin da Malam ya faɗa, domin ya kawo rabin maganar ne.

Masu tantance takardu ba lambar GPA suke fara kallo ba, takardar sakamakon kanta suke buɗewa, aji bayan aji, darasi bayan darasi. Tare da ita makaranta tana aika wata takarda da ke bayyana irin darussan da take da su da yadda makin ɗalibanta yake, don a auna yaro da abin da ya samu a gabansa. AP uku a makarantar da ke da biyar kacal ba ɗaya ba ne da AP uku a makarantar da ke da ashirin. Haka kuma 3.4 ɗin da ya fara da C ya ƙare da A ba ɗaya ba ne da 3.4 ɗin da ya fara da A yana gangarowa. Na farko ana karanta shi a matsayin yaron da ya farfaɗo, na biyu kuwa yaron da ya gaji tun kafin a fara.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne C biyun nan na lissafi, kuma nauyinsu ya danganta da abin da take son karantawa. Idan injiniyanci ne ko kwamfuta, za su tsaya a kansu, sai an ga A a lissafi mai wuya daga baya kafin a yafe. Idan tarihi ne ko harsuna ko siyasa, nauyinsu ya ragu sosai.

Sai kuma maganar jinya. A cikin Common App, shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa ta cikinsa, akwai wurin ƙarin bayani, daban da babban rubutun nan mai kalma 650 da ɗalibi ke yi game da kansa. Nan ne wurin wannan labari, a jimla uku ko huɗu, da watanni da shekara, ba tare da neman tausayi ba. Amma ya fi ƙarfi idan ya fito daga bakin makaranta, wato daga wasiƙar ita malamar da ta ɓata muku rai. Shin ta ma san abin da ya faru? A makarantun gwamnati da yawa malami ɗaya yana riƙe da ɗaruruwan ɗalibai, bai san fuskar rabinsu ba. Ka nemi ganinta da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka je da ladabi, ka ba ta labarin a rubuce, domin wasiƙarta za ta tafi ko kun shirya ko ba ku shirya ba.

Hajiya Uwar Gida:

Ni dai ban ga abin tsoro a nan ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Common App yana barin mutum ya nemi makarantu har 20. Ta cike su duka da manyan, idan kowace tana ɗaukar kashi 5, ai a cikin ashirin ɗaya za ta faɗo. Yaranmu suna da wani abin da na wasu ba su da shi, sun tashi da harshe biyu ko uku, sun san wahala. Kada a koya wa yarinya raina kanta tun tana shekara goma sha bakwai.

Mai Bin Alƙaluma:

Hajiya, da girmamawa, wannan lissafin shi ne yake jefa iyalai a rami duk shekara. Da a ce kowace jami'a ƙuri'a take jefawa, makarantu goma masu kashi 5 za su ba mutum damar kusan kashi 40 na samun aƙalla ɗaya. Amma ba ƙuri'a ba ce. Takarda ɗaya ce take zuwa wa dukansu, kuma abu kusan iri ɗaya suke nema, don haka abin da ya sa ta farko ta ce a'a shi ne zai sa ta goma ta ce a'a. Shi ya sa ake ganin yaro ɗaya ya samu shida a cikin takwas, wani kuma ya nemi goma sha biyar bai samu ko ɗaya ba.

Ga kuma abin da ake biya. Kuɗin nema a irin waɗannan makarantu yakan kai dala 70 zuwa 90 kowace ɗaya, ko da yake ana yafe wa marasa ƙarfi. Kuɗin ma ba shi ne babbar asara ba. Kusan kowacce tana da nata ƙananan tambayoyin da za a amsa a rubuce, wata biyu, wata biyar, kuma duk a cikin watannin da yarinyar take bukatar ta riƙe A ɗinta na aji na 12, wanda a halin da take ciki shi ne hujjarta mafi ƙarfi. Rubutu sittin na gaggawa ba zai kai shida da aka zauna aka tace ba.

Tsohon Ɗalibi:

Baba, bari in sa baki a matsayin wanda abin ya taɓa faɗa wa. Nawa makin 3.3 ne, kuma irin shawarar da Hajiya ta bayar na bi, domin a gida ba wanda ya san tsarin. Na nemi manya guda tara da jami'ar jiharmu ɗaya, ita ma don malamina ya matsa ne. A mako ɗaya na ƙarshen Maris na buɗe saƙo tara a waya, dukansu da jimla iri ɗaya ta ban haƙuri suka fara, har na daina karanta layi na biyu. Abin da ya fi ciwo shi ne ban taɓa zama na duba jami'ar da ta ɗauke ni ba, ban san ko sunan gine-ginenta ba, na tafi kamar wanda aka kai gidan kaso. Sai da na yi wata shida kafin na gane cewa malaman da suke koyar da ni ba su gaza na ko'ina ba.

Abin da nake so ƙanwata ta sani shi ne ƙofar ba ɗaya ba ce. Ana canja jami'a bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma idan an yi nisa makin jami'a ne ake fi dubawa, na sakandare ya koma baya. Barack Obama a kwalejin Occidental ya fara, a 1981 ya koma Columbia. A Kalifoniya ma akwai tsari a rubuce, inda ɗalibin kwalejin al'umma ta shekara biyu da ya cika sharuɗɗa yake samun tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, su Davis da Irvine da Santa Barbara, ban da Berkeley da UCLA da San Diego. Ba na cewa canjin zuwa irin su Harvard yana da sauƙi, can guraben ma sun fi ƙanƙanta. Amma tsakanin Harvard da zama a gida akwai makarantu da yawa.

Uban 'Yan Mata:

Na gode muku duka, har da wanda ya faɗi mai ɗaci. Malama, kimiyyar lafiyar al'umma take so, kuma ina jin jinyar mahaifiyarta ce ta sa mata wannan. Ba a Kalifoniya muke ba. Ina da tambaya biyu. Na farko, an ce mana wasu makarantun ba sa tilasta a aika sakamakon SAT, to 1450 ɗin nan a aika ko a ɓoye? Na biyu, wani abokin aikina ya ce a nema da wuri, a tsarin da suke kira Early Decision, wai ya fi sauƙin shiga.

Malamar Lissafi:

Maganar SAT ta canja sau biyu a 'yan shekarun nan, shi ya sa ake ruɗewa. Lokacin annobar korona kusan kowa ya janye tilascin. MIT ta dawo da shi a 2022, sannan a 2024 Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu, ko da yake Yale ta yarda a kawo sakamakon AP ko IB, wani tsarin jarrabawar sakandare na ƙasa da ƙasa, a madadinsa. Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta kallon SAT ko da an aika. Saboda haka sai an duba kowace makaranta a shekarar da ake nema.

Inda aka ba da zaɓi, ku koma wa takardar da Malam ya ambata, sashe na C9, za ku ga makin da rabin ɗaliban da ke tsakiya suka samu. A can ƙololuwa wannan zango yakan fara daga wajen 1500 ne, don haka 1450 yana ƙasa. Amma a makarantu masu kyau da yawa da suke ɗaukar kashi 30 ko 40 ko 50, 1450 yana sama da tsakiya, kuma nan ne zai yi mata aikin da GPA bai yi ba. Ra'ayina shi ne, yaron da makin ajinsa ya yi rauni ya fi kowa bukatar jarrabawa, domin idan ya ɓoye ta ba abin da ya rage a teburin sai 3.4. Ta sake zama a watan Agusta ko Oktoba, ta dage a kan ɓangaren lissafi, wanda ake auna shi a kan 800. Idan ta haura 750 a nan, ta ba da amsar C biyun nan ba tare da ta ce uffan ba.

Neman wuri kuwa alkawari ne mai ɗaure hannu. Ana miƙa takardu yawanci 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta zo tsakiyar Disamba, kuma idan an ɗauke ta dole ta janye sauran, sai dai idan tallafin kuɗin da aka bayar bai isa ba. Gaskiya ne adadin waɗanda ake ɗauka a wannan zagaye ya fi yawa, amma wani ɓangare na wannan yawan 'yan wasa ne da aka riga aka yi magana da su. Kuma ga 'yarka akwai wata asara ta musamman: a Nuwamba sakamakon zangon farko na aji na 12 bai kammala ba, alhali kowane A da ta ƙara yana ƙara mata nauyi. Idan za ku yi amfani da wannan dama ɗaya tilo, kada ku jefa ta inda ake ɗaukar kashi 4. Ku sa ta a makarantar da take gab da iya shiga, inda ɗan turi zai yi amfani.

Kawun Yara:

Alhaji, har yanzu ba wanda ya taɓo aljihu, kuma a nan ne na ga gidaje suna kuka. Dokar tarayya ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati su sa na'urar ƙiyasin kuɗi a shafinsu. Ka zauna da takardar harajinka ta bara, ka shigar da abin da kake samu, cikin minti goma sha biyar za ta nuna maka abin da ake sa ran za ka biya. Ka yi wannan kafin yarinya ta kamu da son wata makaranta.

Jami'o'in rukunin Ivy, wato manyan nan takwas irin su Harvard da Yale, ba sa ba da tallafi don hazaƙa, sai don bukata kawai, amma na bukatar suna bayarwa da yalwa. Makarantun da ke ƙasa da su kuwa sukan rage kuɗi sosai don jawo yaron da ya fi matsakaicin ɗalibansu, wato inda 1450 zai zama abin alfahari nan ne kuma za a biya ku don ku zo. Ga masu karatu daga wajen Amurka da ke bin wannan zance, ku sani naku lissafin daban ne: ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin, suke tantance ɗan ƙasar waje ba tare da duba ko zai iya biya ba. A sauran, neman tallafi yana iya rage damar shiga.

Hajiya Uwar Gida:

Na ji lissafin Malam kuma na karɓa, ashirin ta yi yawa. Amma ban yarda a ce suna ba ya aiki ba. Wanda ubansa yake da abokai a manyan ofisoshi, ko ina ya yi karatu za a buɗe masa ƙofa. Namu da ba su da kowa, sunan makarantar ne uban gidansu.

Mai Bin Alƙaluma:

A nan kam Hajiya tana da hujja, kuma bincike ya goyi bayanta. Masu bincike Stacy Dale da Alan Krueger sun bi diddigin ɗaliban da suka nemi makarantu masu daraja iri ɗaya amma suka ƙare a wurare daban, suka tarar cewa ga yawancinsu kuɗin da suke samu daga baya bai bambanta sosai ba, wato ƙwazon yaron ne yake tafiya da shi. Sai dai sun ware baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, waɗanda su babbar makaranta takan ƙara musu. Wani binciken na Raj Chetty da abokan aikinsa a 2023 ya nuna cewa 'ya'yan kashi 1 mafi arziki sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen shiga waɗannan jami'o'i, ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne. Ke nan wanda sunan zai fi amfana shi ne ƙofar ta fi yi wa ƙunci.

A kuma sani cewa tun 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana amfani da launin fata a matsayin dalilin ɗauka. Abin da hukuncin ya bari shi ne ɗalibi ya rubuta yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa shi kansa. Saboda haka harshe biyu da sanin wahala da Hajiya ta ambata ba sa aiki don an ambace su, sai yarinya ta nuna abin da ta yi da su.

Don haka ban ce kada ta nemi ko ɗaya ba. Ta nemi biyu ko uku, waɗanda za ta iya faɗin dalilin son su ba tare da ta ambaci sunansu ba. Amma a fara gini daga ƙasa. Wani nazari na cibiyar Pew a kan makarantu 1,364 ya nuna cewa a 2017 guda 17 ne kawai suke ɗaukar ƙasa da kashi 10, fiye da rabi kuwa suna ɗaukar kashi biyu cikin uku ko fiye. Duk hayaniyar nan a kan 'yan tsiraru ake yin ta.

Uban 'Yan Mata:

Na dawo da rahoto. Ranar Asabar na ajiye mata kwamfuta a teburin cin abinci, ban ce komai ba illa ta nemo sashe na C11 na makarantu bakwai da ta rubuta a bangon littafinta. Ta yi shiru kusan awa ɗaya tana kwafe lambobi a takarda. Biyu ba su cike sashen ba. Da ta gama ta ja layi a kan huɗu da hannunta, ta bar uku, ta ce ɗaya daga ciki ma tana shakka. Sannan ita da kanta ta tambaye ni ko jami'ar jiharmu tana da sashen lafiyar al'umma, muka duba, ashe tana da shi, har da shirin ɗalibai masu hazaƙa da ake nema daban kuma wa'adinsa yana rufewa da wuri.

Na kuma ga malamar ranar Talata. Ba ta san komai game da jinyar ba, ta karɓi takardar da na rubuta ta sa a fayil, ta ce a turo mata yarinyar su zauna. Yanzu muna da uku a sama, huɗu a tsakiya, biyu da muke da yaƙinin za su ɗauka, kuma na shigar da kuɗina a na'urar ƙiyasin guda biyar, saura huɗu. Ta yi rajistar SAT na Agusta. Malama, abin da ya rage mana shi ne darussan aji na 12: an ba ta zaɓi tsakanin AP na ƙididdiga da AP na kalkulas, tana tsoron na biyun saboda abin da ya faru a baya, kuma makaranta tana son amsa kafin Juma'a.

Malamar Lissafi:

Kafin in ce komai, Alhaji, ka turo min makin da ta samu a lissafin aji na 11, zango na farko da na biyu daban daban, da sunan darasin kamar yadda yake a takardar. Idan share fagen kalkulas ne kuma A ta yi a duka biyun, ta ɗauki kalkulas, matakin AB, wato mafi sauƙi cikin matakansa biyu, ku nema mata mai taimaka mata tun makon farko kada ku jira gwajin farko ya fito. Idan akwai B a zango na biyu, sai mu sake magana daren Laraba.